Hukuncin direban da yake tuƙi barci na ɗibarsa

Tambaya: Malam, direban tirela ne ni, ina ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano. Mai motar yana matsa mini in iso cikin kwana biyu, sai in sha tiramol in kwana ina tuƙi. Mene ne hukuncina, kuma idan na kashe wani a wannan hali fa?

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Ɗan'uwa, haramun ne ka ci gaba da tuƙi bayan ka ji gyangyaɗi ya fara cin ƙarfinka. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka (Baƙara, 195), kuma a nan ba ranka kaɗai ke cikin haɗari ba. A hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci mai gyangyaɗi a salla ya kwanta har barcin ya sake shi. Idan salla ake dakatarwa saboda barci, ina ga mota mai ɗauke da tan talatin? Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 90 a daƙiƙa huɗu kacal da ka rufe ido. Alamomin kuma ka san su: hamma, mota na karkata daga layi, ka wuce gari ba ka tuna ka wuce shi ba, musamman daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba.

Tiramol don hana barci haramun ne, domin tana gusar da hankali, kuma ba ta biyan bashin barcin. Goro da shayi halal ne, amma jinkiri kawai suke yi.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direban da ya yi sakaci zai ɗauki alhakin ɓarnarsa. Saboda haka idan rai ya salwanta, kisan kuskure ne: diyya, da kaffarar azumin wata biyu a jere a kan kowane rai (Suratun Nisa'i, 92), ga kuma zunubin sakacin.

Ka riƙa tsayawa aƙalla bayan kowace awa huɗu, ka faka a wurin da ya dace, ka yi barcin minti 20, da dare kuma ka samu awa bakwai zuwa takwas. Doguwar tafiya a yi ta da direba biyu.

Mai motar ma yana da zunubi, domin an hana ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa. Umarninsa ba ya sauke maka alhaki, kuma ba a yi masa biyayya a wannan. Wallahu a'alam.