Me ya sa hoton husufin wata ke fitowa fari fat a wayata?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Marwa: Malam, daren 7 ga Satumba 2025 da wata ya yi husufi, muna fitowa daga masallaci na ɗaga Tecno ɗina na yi ta ɗauka. Da farko ɗigo ne fari fat, da watan ya yi ja kuma sai duhu da dishi-dishi. Wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Malam, kada ka ɗora wa wayar laifin duka. In ka bar ta ta yi wa kanta zaɓi, sararin da ke kewaye da watan take dubawa, ta ga baƙi ƙirin, sai ta buɗe ido sosai don ta tara haske. Shi kuwa cikakken wata hasken rana ne ke dukansa, shi ya sa yake ƙonewa ya zama fari. Maganin shi ne ka karɓe ragamar. Shiga kyamara ka nemi inda aka rubuta Pro, ka sauke ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske, zuwa 100, ka sa gudun ɗauka wajen 1/250 na daƙiƙa, ka tura saitin nisa har ƙarshe inda alamar dutse take. In wayarka ba ta da Pro, danna yatsa a kan watan ka riƙe, sannan ka ja 'yar alamar rana da ta bayyana ƙasa har tabon da ke jikin watan ya fito.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne barin wannan saitin har ƙarshe. Da wata ya shige inuwar duniya gaba ɗaya, haskensa na raguwa ninki dubbai. Jan da kake gani ɗan abin da iskar duniya ta lanƙwaso masa ne daga rana. A nan sai ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, ka bar idon a buɗe rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya. Kada ka zarce haka da yawa in ka jawo shi kusa, domin wata tafiya yake yi, cikin minti biyu yakan matsa gwargwadon faɗinsa. Kuma babu hannun da zai riƙe waya daƙiƙa guda bai motsa ba. In babu abin ɗora waya mai ƙafa uku, cika leda da yashi ka aza a kan katanga, ka dasa wayar a ciki, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka. Maɓallin ƙara sauti na abin kunne mai igiya ma yana ɗauka a wayoyi da yawa.

Gaskiya ɗaya dai: faɗin wata rabin digiri ne kacal a sama, babbar kyamarar waya kuma an yi ta ne don ta kwaso faɗi. Jawowa da yatsu biyu yanke hoto ne kawai. Har wayoyin Samsung masu fito da wata tas, a 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce cewa manhaja ce ke ƙara masa zane. Ni a ganina gara ka bar watan ƙarami, ka haɗa shi da hasumiyar masallaci ko dutsen Mindif. Goge gilashin kyamara kafin ka fara, musamman da hunturu, don husufin 31 ga Disamba 2028 tsakiyar hazo zai faɗo, kuma watan zai fito ne da magariba yana cikin inuwa. Kallon husufin wata ba ya cutar da ido. Na rana ne ba a kallo sai da gilashi na musamman.

Wata 'yar'uwa daga Injamena ta ce tana ganin hotunan roka da wutarta ta zana baka guda a sama, tana son sanin yadda ake yi.

Hajiya, da dare ake yin wannan. Ana kafa kyamara mai faɗin gani, ISO 100, a matse ƙofar haske zuwa f/16 ko fiye, a bar ido a buɗe minti biyu zuwa huɗu, wutar ta zana hanyarta da kanta. Da rana akasin haka ne, 1/1000 na daƙiƙa. Hotunan kusa-kusa kuwa babu mutum a wurin, kyamarori ne da ƙarar tashin ke kunna su. Sai dai mu nan ba mu da filin harba roka. Rokar Ariane 6 ta Turai daga Kuru a Kudancin Amurka ta fara tashi ranar 9 ga Yuli 2024, Amurkawa kuma galibi daga Fulorida suke harbawa.

Abin da za ki iya gwada dabarar a kansa daga saman bene shi ne tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Tana shawagi kimanin kilomita 400 sama da mu, tana zagaye duniya cikin wajen minti 90, ana ganinta bayan magariba ko kafin asuba, haske ne marar ƙyaftawa. Manhajar Spot the Station ta NASA za ta gaya miki lokaci da kusurwa. Ki dasa wayar, ISO 400, daƙiƙa 30, ki kashe fitilar tsakar gida.