Shin da gaske haka 'yan sakandaren Amurka suke rabuwa gungu-gungu?

'Yar'uwa, kin tambaya ko rabuwar da kike gani a finafinan barkwancin matasan Amurka, 'yan ƙwallo gefe, 'yan mata masu ji da kansu gefe, masu naci da karatu gefe, gaskiya ce ko ƙirƙira. Akwai gaskiya a ciki, sai dai an ƙara mata gishiri.

Dubi fim ɗin Mean Girls na 2004. Tina Fey, wadda ta rubuta fim ɗin, ta gina shi ne kan littafin Rosalind Wiseman na 2002, wanda nasiha ce ga iyaye kan yadda 'yan mata ke ware junansu da gulma da tsangwama. Ke nan daga makarantu na zahiri abin ya samo tushe. Kuma tsarin can yana taimakawa: ɗalibai na cin abincin rana a babban ɗaki guda, kowa ya zaɓi teburin da zai zauna, sannan yawancin makarantun gwamnati ba sa sanya yunifom, tufafin yaro ke tona halin gidansu.

Fim kuwa lokacinsa kaɗan ne, dole a manna wa kowa tambari don mai kallo ya gane shi nan take. The Breakfast Club na 1985 ya tara ɗalibai biyar a ɗakin karatu ranar Asabar don hukunta su, kafin yamma suka gane damuwarsu iri ɗaya ce.

Ni abin da ke taɓa zuciyata shi ne sabuwar ɗaliba riƙe da farantinta, tana waige-waige ko wani zai ce mata "zo ki zauna". Wannan kam yara da yawa sun sha shi.