An ce ƙirƙirata "a bayyane take": me zan yi?

Tambaya: Barista, ina aikin injiniya a Amurka. Na nemi rajistar wata dabara ta gyara launin hoto don fatar baƙar fata ta fito yadda take a ƙarƙashin fitilar ofis. Jami'in tantancewa na USPTO, ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, ya ƙi sau biyu, ya ce in an haɗa tsofaffin takardu biyu na ƙirƙirorin baya, kowa zai iya. Shi ke nan?

Amsa: Malam, ba shi ke nan ba. Sashe na 103 na dokar rajistar ƙirƙira jami'in ya kafa hujja da shi: ba a ba da kariya ga abin da matsakaicin masani a fannin zai gano da kansa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar KSR da Teleflex a 2007, jami'ai suka samu sauƙin haɗa takardu. Amma hukuncin bai yafe musu kawo dalili ba. Sai jami'in ya faɗi abin da zai sa masani ya ɗauko wannan ya liƙa da wancan.

Nan nake so ka sa ido. A gyaran launi, takarda ɗaya kan yi maganar daidaita farin hoto, ɗayar kuma gane fuska. Shin ta farko tana gyara hoton baki ɗaya ne, alhali taka wani yanki kawai take taɓawa? In haɗin zai lalata manufar ta farkon, hujjarsa ta raunana. Sau da yawa jami'i yakan ga dabararka tukuna, sannan hanyar ta zamar masa mai sauƙi, kuma doka ba ta yarda da hakan ba.

Tunda an ƙi sau biyu, kana iya ɗaukaka ƙara gaban PTAB, hukumar sauraron ƙara ta USPTO. Bayan ka shigar da sanarwa, wata biyu gare ka ka kai rubutacciyar hujja. Sai dai a can ba kasafai ake karɓar sabuwar shaida ba. In kana da gwajin da ya nuna sakamakon ba-zata, ko shaidar cewa wasu sun gwada sun kāsa, fara neman a ci gaba da tantancewa, wato RCE, ka shigar da su. Ni da ni ne, haka zan yi.

Duba ranar wasiƙar ƙarshe yau ɗin nan: wata uku gare ka ka mayar da amsa, ana iya ƙarawa da kuɗi zuwa shida, daga nan buƙatarka ta faɗi.