Allurar ƙwayoyin asali tana warkar da hantar da ta tsaya farat ɗaya?

Malam, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce idonsa ya yi rawaya cikin 'yan kwanaki, yanzu har ya fara sambatu, kuma wani ya ce a sayar da gona a kai shi waje a yi masa allurar ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin halittar jiki da ke iya rikiɗa su zama wasu ire-iren ƙwayoyin jiki. Kada ku sayar tukuna.

Ana ɗebo waɗannan ƙwayoyin daga ɓargon ƙashi ko igiyar cibiyar jariri. Fatan da ake yi shi ne su rage kumburi, hanta ta samu sararin farfaɗowa da kanta, don tana iya sake tsirowa. Amma har yanzu gwaji ake yi, yawanci a Sin, kan masu tsohon ciwon hanta nau'in B. Mai yi maka alƙawarin waraka, aljihunka yake kallo.

Sambatun nan ne ya fi damuna, alama ce gubar da hanta ta kasa tacewa ta kai ƙwaƙwalwa. Ku kai shi Asibitin Tarayya na Gusau yau. Ku faɗa wa likita duk abin da ya sha, har jiƙo da tsimi. In farasitamol ne ya yi yawa, akwai makarinsa, kuma ya fi aiki in an ba shi da wuri. In hantar ta ƙi, dashen wata hanta ake yi.