Ga mai koyon ɗinki da ke tunanin barinsa

Ɗan'uwa, ka ce wata 8 kana zuwa shagon tela kwana biyu a sati, sauran kwanakin kana jan adaidaita sahu, har yau ba ka iya yanka kaftani ba, shin ka haƙura da ɗinkin? Kada ka haƙura. Kwana biyun nan ne suka yi kaɗan. Ka ba ɗinkin safiyarka kullum, daga ƙarfe 8 zuwa azahar, adaidaita ta koma yamma don kuɗin cefane.

Ni ma haka na yi shekarata ta farko, yau ina shago gobe ina kasuwa, ba abin da ake ba ni sai guga da ɗaura maɓalli. Maigidana ba ya miƙa almakashi ga yaron da ba ya gani kullum, kuma yana da gaskiya, shadda tsada gare ta, in ka ɓata wuyan riga shi zai biya. Da na tsaya da gaske, har muna kwana a kan keke a goman ƙarshe na azumi, wata rana ya ajiye alli da tef a gabana ya ce, "Auna wannan, ka yanka." Wallahi hannuna na rawa na yanka. Sharaɗi ɗaya dai, kafin ka fara ka zauna da iyalinka ka gaya musu kuɗi zai ragu na 'yan watanni, ku yi lissafin cefane tare, don kada bayan sati biyu ka sake komawa titi da safe.