Tambaya da Amsa: Gilashin Kyamarar da Ke Gani a Hasken Kyandir

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Zariya, ina ɗaukar bidiyon biki, yanzu kuma na fara gajerun finafinai da abokaina. Kyamarata Canon ce, da gilashin 18-55 da ta zo da shi. Duk fitowar da muka ɗauka a ɗaki da daddare sai ta yi duhu, in na ƙara ISO kuma, wato ƙarfin da kyamara ke jin haske da shi, hoton ya yi yashi-yashi. An ce in sayi gilashi mai sauri. Mene ne shi? Zai raba ni da jigilar fitilu?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Saurin da ake nufi faɗin ƙofar da haske ke shiga ne. Duba bakin gilashinka, za ka ga an rubuta 3.5-5.6. Wannan lambar f ce, kuma iya ƙanƙantarta iya faɗin ƙofar. Jerin yana tafiya haka: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, kowane tsani hasken na raguwa da rabi. In ka jawo hoto zuwa 55, naka yana tsayawa a 5.6. Gilashin 50mm f/1.8 kuwa, wanda ke cikin mafiya araha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. To ka ga inda duhunka ya samo asali.

Bari in ba ka labarin da nake ba duk yaron da ya zo koyon aiki wurina. A shekarun 1960 kamfanin Zeiss na Jamus ya ƙera wani gilashi, Planar 50mm f/0.7, guda goma kacal. Hukumar NASA ta Amurka ta karɓi shida saboda shirinta na zuwa wata, darakta Stanley Kubrick ya sayi uku. Burinsa ya ɗauki fim ɗin Barry Lyndon, wanda ya fito a 1975, da hasken kyandir zalla a fitowar dare, domin labarin na ƙarni na 18 ne, zamanin da babu lantarki. Gilashin ya ƙi hawa kyamarar fim, sai da injiniya Ed DiGiulio ya sake fasalin wata kyamarar Mitchell BNC, domin gindin gilashin kusan taɓa zaren fim ɗin da ke cikin kyamarar yake yi. Mai ɗaukar hoton, John Alcott, ya ci kyautar Oscar da wannan aiki.

Abin da masu ba da labarin ke tsallakewa shi ne wahalar da aka sha. Duk da gilashin na shigar da ninki huɗu na hasken f/1.4, sai da aka cika ɗakunan da kyandirori, wasu masu lagwani uku. 'Yan wasa kuma ba su da ikon sunkuyowa gaba ko ja da baya yadda suka ga dama, don motsi kaɗan ke fitar da fuska daga fokas, wato wurin da hoto ke fitowa tangaran. Har wata kyamarar talabijin aka kafa a gefe, mai juya fokas yana kallon allonta yana auna tazarar ɗan wasa.

Kai ma wannan ce za ta same ka. A f/1.8, in mutum yana nesa da kai da mita ɗaya da rabi, wurin da zai fito tangaran bai kai faɗin tafin hannu ba. Na taɓa ɗaukar wata fitowa ta uwa tana yi wa 'yarta nasihar aure a hasken fitilar ƙwai. Matar ta yi kuka na gaske, lokeshan ya yi tsit. Da muka zo tacewa sai na ga ɗan kunnenta ne ya fito, idanun sun dushe. Mun sake ɗauka washegari, amma kukan nan bai dawo ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Saboda haka ka sayi gilashin, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Sai dai ka auna ɗakunan da kake aiki a ciki tukuna. Kyamarorin Canon da ke zuwa da 18-55 suna matse hoto da ninki 1.6, wato 50mm zai yi maka kamar 80mm, kuma iya girman wannan lambar iya ƙanƙantar filin da ke shiga hoto. A ɗakin amarya da gado da kabet suka cinye, bango zai tare ka kafin mutum biyu su shiga hoto. In aljihu zai ɗauka, 35mm ya fi dacewa da irin ɗakunanmu.

Batun fitilu kuwa, kada ka sayar da su. Gilashi yana karɓar hasken da ya tarar ne, ba ya gyara inda hasken ya faɗi. Ƙaramar fitila ɗaya mai caji, ka haska ta a farin bango ko farin kwali ta dawo kan fuska a tausashe, ta wadatar. Ka tsaya a f/2.8 in mutum biyu ne a hoto, ka sauka 2 ko 1.8 sai in fuska ɗaya ce kuma mai ita yana zaune. Ka kashe fokas mai sarrafa kansa, domin a duhu laluben banza yake yi. Ka manna salatif a ƙasa inda ɗan wasa zai tsaya, ka saita fokas a kan idon da ya fi kusa da kai, sannan ka faɗaɗa hoton a allon kyamara ka tabbatar kafin darakta ya ce a fara.