Tambaya da Amsa: Jirgi Marar Matuƙi a Saman Gida, da Kuɗin da Ake Cira Duk Wata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Maƙwabcina ya sayi ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauke da kyamara, kuma sau da yawa yakan tsayar da shi a saman tsakar gidana lokacin da iyalina suke zaune a waje. Shin sararin da ke saman gida ba na mai gida ba ne? Ina da damar in harbo jirgin?

AMSA: Wa alaikumus salam. Damuwarka tana kan hanya, domin babu magidancin da zai ji daɗin ganin kyamara tana leƙen iyalinsa, amma ina roƙonka kada ka harbo shi.

Wannan gardama ta girmi jiragen da muke gani yau. A shekarar 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Causby, wani mai kiwon kaji wanda jiragen soja suke wucewa ƙafa 83 kacal a saman gonarsa, har kajinsa suka riƙa firgita suna karo da bango, kimanin 150 suka mutu. Kotun ta ce tsohon ra'ayin nan na cewa mai fili ya mallaki komai har ƙololuwar sama bai dace da zamanin jirage ba, sai dai yana da haƙƙi a kan sararin da ke dab da filinsa, wanda yake buƙata don ya amfana da shi. Kotun ba ta faɗi adadin ƙafar da haƙƙin ya tsaya ba, kuma a nan ne gizo yake saƙar har yanzu. A 2015 wani mutum a jihar Kentucky ya harbo irin wannan jirgi da bindiga, alƙaliya ta sallame shi, mai jirgin ya garzaya kotun tarayya, ita kuma ta kori ƙarar a 2017 ba tare da ta shata iyakar ba. Kada sallamar nan ta ruɗe ka, domin dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar jirgi marar matuƙi a matsayin jirgin sama, lalata shi kuma babban laifi ne, ga haɗarin ya faɗo kan yaro.

Mai jirgi ma yana da takunkumi. Amurka da Tarayyar Turai sun taƙaita tashinsa zuwa kimanin mita 120, kuma a Turai wajibi ne mai jirgin da ke da kyamara ya yi rajista ko da nauyinsa bai kai giram 250 ba, in dai ba na wasan yara ba ne. Fara yi wa maƙwabcinka magana cikin mutunci. Idan ya ƙi ji, ka ɗauki bidiyon jirgin, ka rubuta rana da lokaci, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasarka. A ganina hujjar keta sirrin iyali ta fi hujjar mallakar sama ƙarfi.

TAMBAYA: Malam, na shiga wata manhaja da ta ce gwajin mako ɗaya kyauta ne. Na goge ta daga wayata, amma wata huɗu ke nan ana cirar mini kuɗi.

AMSA: Hajiya, goge manhaja ba ya soke yarjejeniyar biyan kuɗi, kuma mutane da yawa a nan suke yin asara. Ki shiga shafin biyan kuɗin wata-wata a Google Play ko App Store ki soke daga can, ki ɗauki hoton shaidar sokewar, sannan ki rubuta wa kamfanin kina neman a mayar miki da kuɗinki. Idan suka yi kunnen uwar shegu, ki sanar da bankinki ya dakatar da cirar.

Ba laifinki ba ne ke kaɗai, domin wasu kamfanoni da gangan suke sauƙaƙa shiga su wahalar da fita. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta maka kamfanin Amazon a kotu a Yunin 2023 bisa zargin haka a tsarinsa na biyan kuɗin zama mamba mai suna Prime, kuma a Satumbar 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5, wanda biliyan 1.5 daga ciki na mayar wa masu sayayya ne, ko da yake bai amsa laifi ba. Hukumar ta kuma kafa ƙa'ida a 2024 cewa sokewa ta zama da sauƙi kamar shiga, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025 saboda kuskuren bin matakai. Nan gaba, ranar da kika shiga gwajin kyauta ki sa wayarki ta tuna miki kwana ɗaya kafin ya ƙare.